Tambaya da Amsa: A ina akitek ɗin karkara zai ƙaro ilimin kayan rufe bango ta waje?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yallaɓai, barka da ƙoƙari. Ni akitek ne, shekara 4 kenan da na gama karatu a Wudil na dawo gida ƙasar Ringim ina ɗan zanen gidaje da shaguna. Matsalata ita ce kayan da ake liƙa wa bango ta waje, a makaranta sama-sama aka taɓa mana su. Yanzu haka wani Alhaji ya dage sai an rufe fuskar shagunansa da Alucobond irin na gidajen mai, wani kuma so yake a yi wa zauren mahaifinsa na ƙasa filastar siminti a sa tayil. Ni dai gabana faɗuwa yake. A ina zan ƙaro ilimin abin, kuma tarukan da ake yi a Abuja sun cancanci kuɗin mota?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Wannan faɗuwar gaban alheri ce, ita zata hana ka sa hannu a kan abinda baka sani ba, kuma gaskiya yawancinmu haka muka fito, mun iya zana fuskar gini ta yi kyau a takarda amma ba'a zaunar damu an nuna mana abinda ruwan Agusta zai yi wa fuskar nan bayan damina uku ba.

Maganar taruka amsarta gajera ce, eh ka je. ARCON, hukumar da dokar 1969 ta kafa don yi mana rajista, da ƙungiyarmu ta NIA da aka kafa a 1960, duk suna son ganin shaidar cewa mutum bai ajiye karatu ba, abinda muke ce wa CPD. Baje kolin Archibuilt da NIA take shiryawa a Abuja ko don ka taɓa kaya da hannunka ya isa ka je ko sau ɗaya ne, sannan ka nemi reshen NIA na Kano, wasu laccocin ma yanzu ta waya ake yi, data kawai zaka sa. Sai dai ka sani da yawan masu magana a wurin wakilan kamfani ne, hajarsu suka kawo, kuma ba lallai an gwada ta a ranar Afrilun Ringim mai wuce digiri 40 ba. Don haka kar ka dawo da kalanda da biro kawai. Ka nemi takardar bayanin kayan wadda ke ɗauke da kauri da sakamakon gwajin wuta, ka kuma ce a nuna maka gini ɗaya a Arewa da ya shekara biyar da kayan a jikinsa, kaje ka gani da idonka.

Toh amma babbar makarantar tana nan kusa da kai, mashin ɗinka ya isa ya kaika. Ka zaɓi gine-gine kamar goma a yankinku, na ƙasa da na bulo, masallaci, makarantar firamare, gidan mai, duk ƙarshen damina ka zagaya ka ɗauki hotonsu a wuri ɗaya, gindin bango, ƙarƙashin taga, saman farafet (guntun bangon da ke zarce rufi), musamman bangon gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, shi yasa kowane tsohon magini zai ce maka bangon gabas ne ke fara zaizayewa, na yamma kuma shi ke shan ranar la'asar. Shekara uku kana wannan wallahi zaka san abinda babu a hendawut ɗin kowa. Ni duk kayan da aka kawo min abinda nake fara tambaya shi ne ruwa ta ina zai shiga bayansa, in ya shiga kuma ta ina zai fita, domin shiga dai sai ya shiga.

Wannan tambayar ce zata warware maka maganar zauren, kuma ita ta fi damuna cikin biyun. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwarsa. Siminti kuwa tauri gare shi, baya tafiya tare da ƙasa wajen kumburi da motsewa, kuma baya kama ta da kyau tun farko. Sai zafi da sanyi su sa ya yi ƴar tsaga kamar gashi, ruwa ya bi ta nan, ga wani danshin yana hawowa daga ƙasa tunda tsohon gini ba shi da jaman fulo balle leda, duk su taru a bayan filastar babu hanyar fita. Daga waje kana ganin bango fes, ciki kuwa tubali ya jiƙe ya zama taɓo, gara ta samu gida. Ranar da zai tafi gaba ɗaya yake tafiya, filasta da tayil da rabin bango. Tayil ma ya fi muni don ga nauyi ga shi ya toshe ko'ina. Wanda ya zagaya ƙauyukan Jigawa bayan ambaliya da mamakon ruwan 2022 ya san yadda gindin bangon ƙasa ke yi in ruwa ya kwana a jikinsa.

Abinda zaka ce wa mai zauren, cikin ladabi tunda gidan mahaifinsa ne kuma gyara yake nufi, kuɗin tayil ɗin a kai su sama da ƙasa. A gyara indararo a ƙara masa tsawo ya riƙa zubarwa nesa da bango, in rufin kwano ne a fito da bakinsa sosai, a yi wa gindin bangon dakali na dutse ko bulo, a gangarar da ƙasar wurin yadda ruwa bazai kwanta ba. Jikin bangon kuma a koma wa yaɓe. Magabatanmu suna da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin karofi da gashin jima da dafara, kuma ba wasa bane, da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun wajen shekarun 1830, Gidan Makama ma gashi nan a Kano kowa na gani. Aibin yaɓe ɗaya ne, yana son a riƙa sabunta shi bayan ƴan shekaru, ka faɗa wa mutumin gaskiya tun yanzu. Sannan dan Allah ka nemi tsofaffin maginan garinku ka zauna dasu da littafi, ka tambayi awo, kwana nawa ake jiƙawa, wace ƙasa ake ɗiba, wane wata ake yi. Mutanen nan ƙarewa suke yi kuma ƴaƴansu duk sun koma bulo, abin yana ci min rai sosai.

Sai Alhajin shaguna. Alucobond sunan kayan wani kamfani ne, amma a kasuwa ko wane iri aka kawo haka ake kiransa, in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen masu liƙawa zaka ji. Falle biyu ne na alminiyam da wani abu a tsakiya, kuma wannan na tsakiyar shi ne maganar. Mai kyau kaurinsa milimita 4, kowane falle rabin milimita, fentinsa irin da ake ce wa PVDF mai jure rana. Mai araha kuwa fallen kamar takardar sigari, fentin ya koɗe cikin ƴan shekaru, tsakiyarsa roba zalla. Ka sa a yanko maka gefe ka duba, robar galibi baƙa ce, mai jure wuta yakan yi fari-fari ko toka-toka, amma kala ba hujja bace, takarda zaka nema mai cewa FR ko A2, wato alamar cewa kayan na jure wuta.

Dalilin da yasa nake matsawa, ranar 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi a wani gida a benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, irin wannan rufin mai roba a tsakiya, na wani kamfanin daban, shi ya ɗauki wutar ya zagaye ginin da ita, mutum 72 suka rasu. Ratar da ke tsakanin rufin da bango ta zama kamar bututun hayaƙi tana jan wutar sama. A ƙarshen 2018 Ingila ta hana sa kayan da ke cin wuta a bangon gidajen kwana da suka wuce mita 18. Zaka ce ai shagunan Alhaji ba bene bane. Haka ne, amma ka tsaya a bakin shagunan da magariba ka ga su waye a gindin bangon, mai shayi da risho ko gas, mai tsire, janareto, wani lokacin har mai sayar da fetur a galan, ga wayoyin wutar allon talla da ake cusawa ta bayan rufin.

Ko an bar maganar wuta, alminiyam yana miƙewa kusan milimita 2.4 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 100, kaga falle mai mita 3 tsakanin asubar hunturu da ranar bazara zai iya motsa fiye da milimita 3, in an ɗaure shi tamau ba rata sai ya bankare ko ya tsinke silikon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan kuwa har da ɓera da jemage da ƙurar hunturu. Ƙarfen da aka kafa shi a kai in ba'a shafa masa maganin tsatsa ba shima nasa lokacin yake jira, iskar farkon damina ta gama aikin. Kuma in falle ɗaya ya lotse wa zai gyara a Ringim, sai an ɗauko mutum daga Kano. In Alhaji ya dage, a taƙaita shi a saman fuskar wajen rubutun suna, mai jure wuta, daga ƙasa zuwa linta kuma filasta mai kyau da fenti.

Filastar ma ilimi ce, kar ka raina ta. Siminti ɗaya yashi huɗu zuwa biyar a waje, yashi mai tsafta, ka zuba shi a kwalba da ruwa ka girgiza ka bari ya kwanta zaka ga yawan laka a sama. A yi ta ba ta ruwa kwana bakwai, da hunturu ma safe da yamma don iskar tana shanye ruwan kafin siminti ya kama. Ni da kaina a farkon aikina na yarda aka liƙa baƙin tayil a bangon yamma na wani gida, mai tayil ya yi irin ɗigo biyar ɗin nan na siminti a baya, ba gam ba rata, damina biyu suka fara zubowa a inda yara ke wasa. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo, amma har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

In kana neman abin karantawa da dare, ka duba aikin cibiyar NBRRI ta gwamnatin tarayya, mai binciken gini da hanyoyi, kan bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ka nemi hotunan makarantar Gando da Francis Kéré ya gina a Burkina Faso a 2001, wanda ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022, ka lura da yadda ya ɗaga rufin ya fito da shi ya kare bangon. Sai masallacin Dandaji a Nijar da Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka gama a 2018, garin Hausawa ne, rana da ƙura irin namu, shi zaka nuna wa mai zauren a wayarka in ya ce ƙasa ta talaka ce.

Kafin a taɓa zauren ka ƙwanƙwasa bangon gabas da hannu daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, inda ka ji yana amsawa kamar ganga ka yi masa alama da alli, ka ɗauko hotonsa da na indararon ka turo min mu duba tare.