Kaya sun cika min ɗaki, ya zan yi da su?

Tambaya: Salam Anti, don Allah a ba ni shawara. Shekarata 12 da aure, har yau wasu atamfofin lefena na cikin akwati ko ɗinkawa ban yi ba, ga kayan yara da suka yi musu kaɗan, ga ɓulallun tukwane da matacciyar fanka a sito, maigida kullum sai ya yi magana ni kuma wallahi in na ɗauko abu zan bayar sai in ji kamar gobe zan neme shi. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Atamfar nan da kike ɓoyo ajiya cinye ta take yi, danshin damina ya shige ta, tsatsar akwati ta kama ta, alhali a layinku akwai yarinyar da za a aurar iyayenta na ta fafutuka. Ki fara da akwati ɗaya kawai ranar Asabar, duk abin da sallah biyu ta wuce ba ki taɓa ba ki fitar da shi.

Kayan yaran ki wanke ki goge kafin ki bayar, 'yan uwa da maƙwabta tukuna sannan gidan marayu, amma don Allah banda yagagge, aya ta 267 a suratul Baƙara ta hana mu zaɓar mara kyau mu ce shi ne sadaka.

Tukwanen alminiyam da fankar kuwa kuɗi ne, 'yan gwangwan na ɗorawa a sikeli su biya, masu ƙira su narkar su zuba sabuwar tukunya. Ki tsaya a gabanki a auna.