Ga mai son zuwa karatu Suva

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana son yin digiri na biyu kan sauyin yanayi a Jami'ar Kudancin Pasifik da ke nan Suva, babban birnin Fiji, kana kuma tambaya ko da gaske teku na cinye tsibiran nan, ko zuzutawar 'yan jarida ce kawai.

Da gaske ne, sai dai tun kafin ruwa ya shiga ɗaki gishiri ya riga ya kashe gona. A Tuvalu, ƙasar da mutanenta ba su wuce 11,000 da 'yan kai ba, wadda tudunta mafi tsawo bai kai mita 5 ba, akwai abincin da suke kira pulaka, dangin gwaza ne. Rami ake haƙawa har a taɓo ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa, a zuba ganyaye su ruɓe, sannan a dasa. Ramin nan gado ne, daga kaka zuwa jika. Yanzu ruwan gishiri na tsattsafowa ta ƙasa, ganye ya yi rawaya, saiwa ta lalace, iyali su koma cin shinkafa da abincin gwangwani da jirgin ruwa ke kawowa. Yaron da ya tashi a haka, wa zai koya masa aikin ramin? Wannan ya fi komai ci mini rai.

A nan Fiji, an tashi ƙauyen Vunidogoloa a 2014, aka mayar da masunta kan tudu, kusan kilomita 2 daga bakin teku. A ƙauyen Togoru kuwa, kusa da garin Navua, maƙabartarsu ce ruwa ke rufewa idan teku ya cika. Ostireliya ta ƙulla yarjejeniya da Tuvalu a 2023, za ta riƙa karɓar mutum 280 duk shekara. Taimako ne, amma biza ba ta ɗauko kabarin uba.

Kada ka zo kana musu kallon abin tausayi, ba sa so. Ɗaliban shari'a na wannan jami'ar, a reshenta na Vanuwatu, su suka fara fafutuka a 2019 har magana ta kai Kotun Duniya, wadda a 2025 ta ce wajibi ne ƙasashe su kare yanayi. Idan bincike ya kai ka ƙauye, ba a faɗa wa mutane da takardar tambayoyi. Za ka kai wa mai gari saiwar kava, tsiron da suke yin abin shan gargajiya da shi, gaisuwar da suke kira sevusevu ke nan, ka cire hula, ka zauna ƙasa, ka saurara har a ba ka izini.

Batun addini kada ya dame ka, akwai masallatai a Suva da naman halal. Kuɗin jirgi da haya ne masu nauyi, don haka ka tabbatar tallafin karatu ya shigo hannu kafin ka nemi biza. Ka gaida su Baba.