Shekara shida ban taɓa ce wa shef a'a ba, me ya sa ake tsallake ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a Tahoua, sashen kaya da sufuri, yau shekara shida. Ina da lisans, wato digirin farko na jami'a, ba na makara, ban taɓa mayar wa shef magana ba, duk abin da ya ce sai in ce "to". Sau biyu ana buɗe kujerar shugaban sashe ana bai wa waɗanda suka tarar da ni. Abokai sun ce in nemi mai tsaya mini a Yamai, ko in biya jika hamsin in yi horon kwana uku kan shugabanci. Abin ya hana ni barci. Wane hali ne na rasa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe jika hamsin ɗinka tukuna. Takardar kwana uku a zauren otel, da ɗaukar hoto da lemun kwalba, ba ta canza halin shekara shida, kuma masu tantance dosiye, wato takardun neman aiki, sun gaji da ganin irinta. Masu sayar da ita suna cin kasuwarsu ne da damuwar irinku. Zancen uwa a gindin murhu kuwa, ba mai cewa babu shi, amma wanda ya ɗora ka ba zai zauna ya yi maka aikin ba.

Cutar tana cikin wasiƙarka, kai kuma ka lissafa ta cikin abin yabo: wannan "to" ɗin. Kullum ita ake kawo mana da sunan ladabi. An rene mu da cewa yaro ba ya musu da babba, wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure. A wurin aiki, shef ya ce yana son rahoto ran Alhamis, ka san sarai alƙaluman Abalak ba za su iso ba kafin Litinin, amma ka sunkuyar da kai ka ce "to, in sha Allahu". Shi ya tafi ya yi wa na sama da shi alkawari da bakinka. Alhamis ta zo, kana kewaye ƙofar biro ɗinsa, wayarka kuma "ba rezo". Kunyar minti biyu da ka guje wa, ka ɗora masa ita gaban darekta. Ranar da aka zauna zaɓen shugaban sashe, da wannan zai tuna. Ba zai ce ba ka da kirki ba, cewa zai yi ba a san cikinka ba, kuma ba a damƙa motoci da sito ga wanda "to" ɗinsa ba ta bambanta "zan iya" da "ba zan iya ba".

Wallahi abin takaici ne yadda aka mayar da "in sha Allahu" mafakar wanda bai yi niyya ba. Kalma ce ta mai azama da ya san iko na Allah ne. Hadisin alamomin munafuki uku, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya sa saɓa alkawari a ciki, kuma bai ware alkawarin wurin aiki ba.

Ba a nan kaɗai ake fama ba. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta bincika asibitoci a Amurka, ta tarar rukunonin ma'aikatan jinya mafi kyawun jagoranci su suka fi rubuta kurakurai, domin ba sa tsoron faɗa. A masana'antar Toyota ma, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya sanar da aibu, layin haɗa motoci ya tsaya in ba a gyara ba. Mai ɓoye matsala shi ne mai tsada.

Ga yadda ake yi ba tare da zubar wa kowa mutunci ba. In an ba ka aiki, kafin ka fita ka tabbatar da abu uku: me ake so, yaushe, kuma wa zai karɓa. In lokacin bai isa ba, ka faɗa nan take tare da mafita: "Ranka ya daɗe, Alhamis zan iya kawo na Tahoua da Ƙonni, na Abalak sai Talata. In kawo rabin, ko in haɗa duka?" Ba ka ce a'a ba, ka bar masa zaɓi. Ka yi wannan ku biyu, ba a tsakiyar taro ba.

Mummunan labari kuma ba ya kwana. Mota ta taso daga Yamai ta lalace a Dogondutsi, shef ya ji daga bakinka cikin awa guda, kada ya ji daga direba gobe: abin da ya faru, abin da zai jawo, abin da ka riga ka yi, da shawara biyu da kuɗin kowace. In laifinka ne, jimla ɗaya ta isa, "ni na manta ban aika takardar ba", sai ka wuce ga gyara. Dogon bayanin wanke kai shi ke ɓata mutum.

Sai rubutu. Saƙon murya na minti huɗu a WhatsApp ba hujja ba ne, ba mai komawa ya neme shi. Bayan kowane taro, kafin awa 24, ka aika shafi ɗaya: abin da aka yanke, wa zai yi, ran yaushe. Ka kuma ajiye littafi kana rubuta abin da ka kammala kowane mako da alƙalumansa.

Ka yi haka wata uku, sannan ka nemi minti goma sha biyar wurin shef, da littafin a hannu. Kada ka tambaye shi me ya sa aka ba wane. Ka ce: "In kujerar ta sake buɗewa, wane abu biyu kake son gani a wurina kafin ka sa sunana?" Ka rubuta amsar a gabansa, ka roƙi ranar da za ku sake zama a kanta.