Eiffel: yaren da ke ɗaure manhaja da sharuɗɗa

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kwamfuta ne daga yankin Ringim a Jihar Jigawa. Ina rubuta wa ƙungiyar manoman shinkafar ƙauyenmu manhajar lissafin taki da bashi, sai na ji labarin wani yare mai suna Eiffel da aka ce an gina shi domin rage kurakurai. Mene ne shi, kuma ya dace in koma kansa?

Amsa: Ƙanena, Bertrand Meyer, masanin kwamfuta ɗan Faransa, shi ne ya tsara Eiffel a 1985, ya sa masa sunan Gustave Eiffel, injiniyan da kamfaninsa ya gina shahararriyar hasumiyar birnin Faris. Yana cikin yarukan da ke kasa manhaja zuwa abubuwa, kowane da bayanansa da ayyukansa. A taka manhajar, sito abu ne, asusun kowane manomi ma abu ne.

Abin da ya fito da shi daban shi ne yarjejeniyar da ake rubutawa a jikin kowane aiki. Ɗauki aikin fitar da taki. Ƙarƙashin kalmar require za ka rubuta cewa buhunan da aka nema ba za su wuce na sito ba. Ƙarƙashin ensure ka rubuta cewa bayan an fitar, ragowar dole ta yi daidai da tsohon adadi idan an ɗebe abin da aka bayar. Sannan invariant ya tsare dokar cewa adadin buhuna ba zai taɓa sauka ƙasa da sifili ba. Idan aka kunna binciken sharuɗɗan, da zarar an karya ɗaya manhajar za ta tsaya, ta nuna ko laifin na wanda ya kira aikin ne ko na aikin kansa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an ɗauko wani sashen manhajar Ariane 4 wanda aka gina bisa zaton cewa wata lamba ba za ta wuce iyaka ba, alhali sabuwar rokar ta fi sauri. Irin wannan zaton ne yarjejeniyar Eiffel ke sa a rubuta a fili a matsayin sharaɗi.

Duk da haka ban ba ka shawarar sauya yare a tsakiyar aiki ba, domin masu Eiffel kaɗan ne, samun wanda zai duba maka aikin zai yi wuya. Ka sauke EiffelStudio, manhajar da ake rubuta Eiffel da ita, ka koya a hankali, amma tun yanzu ka zauna da ma'ajin ƙungiyar ku rubuta dokokin sito da na bashi a takarda, sannan ka shigar da su cikin yaren da ka iya. Idan Python ne, assert, kalmar da ke tsayar da manhaja idan sharaɗi bai cika ba, zai ɗauke maka wani ɓangare na aikin.