Mutane na shiga shafina amma babu mai saye, in ƙara kuɗi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa, leshi da shadda a Kano, kuma da ma ta WhatsApp da Instagram nake ciniki. Bara na biya wani matashi kuɗi masu kauri ya haɗa mini shafin intanet. Shafin ya yi kyau ƙwarai, da an buɗe bidiyo ne ke fara tashi, hotuna na ta wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ina biyan talla a Facebook, ana nuna mini cewa mutane suna dannawa, amma odar da ke zuwa ta shafin ba ta taka kara ta karya ba. Yanzu ya ce in ƙara kuɗi zai sa Google ya ɗora ni a sahun farko. Jarina ya fara taɓuwa, hankalina a tashe yake. In biya ne, ko in rufe shafin in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kada ki biya, kuma kada ki rufe. Abin da za ki fara yi yau shi ne ki dakatar da tallar Facebook ɗin, domin kowane dannawa kuɗinki ne, kuma ga dukkan alamu mutanen da kike biya a kawo miki suna juyawa tun kafin su ga turmi ɗaya.

Kin ce shafin ya yi kyau ƙwarai. A ina kika ga kyan nasa? Kusan na tabbata a kwamfutar wanda ya haɗa shi aka nuna miki, da babban allo da intanet mai gudu. Wannan ita ce matsalar da nake karo da ita kullum, kuma ita ce ta fi cin jarin 'yan kasuwarmu: an ɗauka shafi mai bidiyo da hotuna masu yawo da rubutu mai tsalle shi ne shafin da ya amsa sunansa, shi ne zai ja kwastoma. Sai ɗan kasuwa ya ji in bai ga abu na motsi ba kamar an cuce shi, mai haɗa shafi kuma ya san haka, sai ya jibga masa kayan ado don kuɗin aikin ya yi kama da wanda ya cancanta. Kowa ya tashi yana murna, babu wanda ya tuna da matar da za ta buɗe shafin a Gusau ko Azare, da Tecno ko itel, sabis na zuwa yana ɗaukewa, datarta saura kaɗan.

Ki yi lissafin da kanki. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake, ba a rage masa nauyi ba, yakan kai megabait 3 zuwa 5. In akwai irinsa 20 a shafin farko, ana maganar wajen megabait 80 ke nan, ba a ma sa bidiyo a lissafi ba. Tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara sa ido kan abin da ke zuƙe musu data. Wadda ta danna tallarki ta ga farin allo yana ta juyi, ba za ta tsaya jira ba. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna ficewa in ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Facebook zai ƙirga miki dannawar, ki biya, alhali matar ba ta ga ko launin leshinki ba. Tamkar ki kama shago a Kantin Kwari ne, ki ƙawata shi, ki ɗauki yara suna kiran kwastoma, amma ƙofar sai an yi minti guda ana turawa kafin ta buɗe.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne gyaran bai da tsada. Hoton atamfa ana iya matse shi ya koma ƙasa da kilobait 200 a tsarin WebP (wani nau'in hoto mara nauyi), zanen ya fito tas, ido bai ga bambanci a waya ba. Duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan haɗa shafi ya san wannan, ko kuma ya kamata ya sani. In bai sani ba, bai isa karɓar aikin mutane ba. Da yawansu samfurin WordPress, wato manhajar haɗa shafi, suke saukowa da shi, wanda aka tsara don wasu ƙasashe masu intanet mai ƙarfi, su canza suna da hotuna, su cusa masa ƙarin manhajoji barkatai, su miƙa. Ba laifi ba ne amfani da WordPress, ni ma ina aiki da shi. Laifin shi ne miƙa wa mutum shafin da ba a taɓa gwada shi a ƙaramar waya ba. Su hotunan nan masu wucewa kuwa, kafin kwastoma ta gama kallon wanda ya burge ta ya gudu, wani ya maye gurbinsa. A cire su, a cire bidiyon, a sa kaya a jere da farashinsu.

Ki gwada da hannunki: ki ari wayar ɗaya daga cikin yaran shagonki, ki kashe Wi-Fi, ki buɗe shafin da data, ki yi ƙoƙarin sayen turmi ɗaya har zuwa biya. Sannan ki sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin buɗewar shafuka, kyauta ne, ki duba sakamakon ɓangaren waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Batun sahun farko a Google kuwa, yaudara ce. Google da kansa ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin ɗora shafi a lamba ɗaya. Kuma sigar waya ta shafi Google yake dubawa wajen jera sakamako, wato ainihin inda naki ya gaza. Ko da an kawo miki mutane ninki biyu, ta inda na farko suka fice su ma za su fice.

Bayan nauyi, ki duba farashi. In an ɗauko al'adar nan ta Instagram ta "a yi magana ta ciki don jin kuɗi" an kawo shafin, to a daina. Mai saye tana son ta ga kuɗin turmi, yadi nawa ne shaddar, da kuɗin aikewa zuwa garinsu tun kafin ta kai wurin biya. Cibiyar Baymard, wadda ta daɗe tana nazarin cinikin intanet, ta nuna wajen kashi 70 cikin ɗari na masu zuba kaya a kwando ba sa ƙarasa saye, kuma babban dalilin da masu niyyar saye ke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe. Kada kuma a tilasta wa kowa buɗe asusu da kalmar sirri don sayen mayafi. Suna, lambar waya da adireshi sun wadatar. A bar mata zaɓin biya da kati ta Paystack ko Flutterwave, ko ta yi transfa, kuma maɓallin WhatsApp ya kasance inda babban yatsa zai same shi, tunda a can kwastomominki suka saba da ke.

Sai yarda. Mutanenmu sun sha damfara a intanet, don haka a rubuta lambar shago da layin da kike a kasuwa, a sa hoton kayanki na gaske maimakon na wasu da aka kwaso, a faɗi abin da za a yi in kaya ya zo da matsala. In Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, yana rubuta "Not secure" a gefen adireshinki, kamar yadda yake yi tun Yulin 2018 ga shafukan da ba su da shaidar tsaro ta HTTPS, a gyara nan take. Let's Encrypt na ba da wannan shaidar tsaro kyauta, kada wani ya caje ki kuɗi mai yawa a kanta.

Kafin ki koma wa matashin da waɗannan gyare-gyare, ki tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, kuma imel ɗin wa aka yi amfani da shi wajen biyan ma'ajiyarsa, wato inda ake ajiye shafin a intanet. In nasa ne, ki sa ya mayar da su sunanki, ya ba ki kalmomin sirrin a rubuce, tun kuna shiri. Rage nauyin hotuna da gyara shafin ya zauna daidai a waya suna cikin aikin da kika riga kika biya, ki faɗa masa haka. In ya gyara, ki sake gwadawa a waccan ƙaramar wayar, sannan ki kunna talla da kuɗi kaɗan ki ga yadda oda za ta kasance.