Haɗiye ƙwayoyi huɗu da sahur don ciwon kai

Tambaya: Malam, ina aikin mashin haya a Garwa. Da azumi kaina yakan yi ciwo bayan azahar, shi ya sa nake haɗiye farasitamol huɗu da ibuprofen ɗaya da sahur, don su kai ni magariba. Ya halatta?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, azuminka ya inganta, tunda kafin alfijir ka sha. Amma yawan da kake sha bai halatta ba.

Ƙwayar farasitamol ɗaya yawanci miligiram 500 ce. Babba yana shan ɗaya ko biyu, ya jira awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce takwas a kwana guda. Aikinta awa shida ne in ya daɗe, ninkawa ba za ta kai ka magariba ba. Hanta kawai ka ɗora wa kaya. Ita ke narkar da maganin, kuma ana cikin haka wani ɗan kaso yakan zama guba, sai hanta ta kashe shi da sinadarin da take ajiyewa. Yunwa tana rage wannan ajiya. Abin tsoron shi ne, mutum zai iya yin kwana ɗaya ko biyu yana jin garau alhali hantar ta taɓu. Ka kuma duba kwali: Doliprane da Efferalgan da Fervex na mura duk farasitamol ne a cikinsu, kada a haɗa su.

Ibuprofen kuwa yana hana jiki yin sinadarin da ke kawo zugi da kumburi, sai dai sinadarin nan ne ke kare bangon ciki, yake kuma taimaka wa jini ya isa ƙoda. Mai wuni bisa mashin a ranar Garwa babu ruwa, in ya sha shi ƙodarsa yake takurawa. Mai gyambon ciki kuwa ya nisance shi.

Annabi (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa", kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Allah kuma ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 185. A mazhabarmu, wanda ya ji tsoron ciwo zai ƙaru ko waraka za ta jinkirta, ya halatta ya sha magani da rana, ramuwa kawai ke kansa babu kaffara. In halaka yake tsoro, karyawa ta zama wajibi.

Ciwon kai irin naka sau da yawa ƙishirwa ce da rashin barci, ko kewar shayi. Ka yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. In ya ƙi tafiya, ka je asibiti a auna maka hawan jini da zazzaɓin cizon sauro.

Wallahu a'alam.