Intanet biyu a gida ɗaya: yadda za su zauna ba tare da sun yi karo ba

Tambaya daga Kano: Ina da rauta, wato na'urar raba intanet, mai amfani da sim a falo. Ƙanena da muke gida ɗaya ya sayo ta wani kamfani daban saboda aikinsa, ya ajiye ta kusa da tawa. Tun daga ranar bidiyo ke tsayawa. Layukan ne ke faɗa da juna?

Malam, layukan ba sa faɗa. Kowane kamfani da nasa zangon da hukumar sadarwa ta NCC ta ba shi lasisi, don haka abin da ke zuwa daga ƙarfen sabis ba ya cakuɗewa. Karon a cikin falonka yake, tsakanin Wi-Fi ɗin rautocin biyu.

Zangon 2.4 GHz da Wi-Fi ke amfani da shi yana da tashoshi 13, amma sun hau kan juna. Uku ne kawai ba sa taɓa juna: 1, 6 da 11. Ka juya rautarka, za ka ga adireshinta da kalmar sirri a kan takardar da aka manna. Ka rubuta adireshin a burauza, ka shiga saitin Wi-Fi, ka cire tashar daga Auto ka mai da ita 1. Ƙanenka ya sa tasa a 11. Ku duka ku bar faɗin tashar a 20 MHz, domin 40 MHz a wannan zango cinye kusan rabin filin yake yi. Kada wani ya ce bari ya zaɓi 3 ko 4 don ya kauce wa cunkoso. Rautoci biyu a tasha ɗaya suna jin juna, suna yi wa juna jira, amma wanda ya zauna a tsakani hayaniya kawai yake zuba wa 1 da 6.

Idan rautocin suna da 5 GHz, wayoyi da talabijin su koma can. Ɗaya ta ɗauki tasha 36, ɗaya 149. In babu 149 a jerin, a sa faɗin 40 MHz, a raba 36 da 44. Wannan 5 GHz ɗin ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, ko da yake rautoci da yawa suna liƙa wa sunansa "5G", abin da ke rikita mutane. Ya fi sauri, sai dai katangar bulo biyu ta isa ta karya masa ƙarfi.

Sannan ku raba su da aƙalla mita biyu, kowace da sunanta daban, nesa da na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, wadda ita ma a 2.4 GHz take aiki. Ba sai kun sayi komai ba.

Tambaya daga Kaduna: Ina sayar da atamfa da leshi ta intanet. Ina da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ina kuma da rauta mai sim. So nake in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya karɓa da kansa. Me zan saya, kuma saurin zai ninka?

Hajiya, abin da kike nema rauta ce mai ƙofar WAN biyu ko fiye, wato ƙofar da intanet ke shigowa ta cikinta. TP-Link ER605 ta fi sauƙin saiti. MikroTik hEX ta fi ta iya aiki, amma sai da wanda ya san ta. Duka biyun ba su da Wi-Fi, saboda haka ki sa kuɗin na'urar yaɗa Wi-Fi guda a lissafi. In aka miƙo miki tsohuwar TL-R470T+ don arha, ki bar ta, ƙofofinta ba sa wuce 100 Mbps, za ta shaƙe Starlink.

Kebul daga Starlink ya shiga WAN na farko, na rautar sim ya shiga na biyu. Ki duba bayan rautar Starlink tukuna: ƙarni na uku yana da ƙofofin kebul biyu, na biyu kuwa ba shi da ko ɗaya sai an sayi adafta. Ƙananan MiFi na aljihu ma yawanci ba su da ƙofar.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne adireshi. Rautar Starlink tana amfani da 192.168.1.1. Idan ta sim ma haka take, ko sabuwar rautar, na'urar ba za ta san ta wace ƙofa za ta tura saƙo ba. Lamba ta uku dole ta bambanta a duk ukun: misali Starlink 192.168.1.1, ta sim 192.168.8.1, ta cikin gida 192.168.50.1.

A saitin, ki zaɓi tsarin jiran ko-ta-kwana, wanda TP-Link ke kira Link Backup, Starlink a gaba. Ki tabbata mai saitin ya sa rautar ta riƙa gwada wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. In ba haka ba, ruwan sama zai katse tauraron, kebul kuwa yana nan a jone, rautar ta ɗauka lafiya lau, ta ƙi juyawa.

Batun ninka sauri, a'a. Tsarin raba kaya yana rarraba na'urori da buƙatu tsakanin layuka biyu, amma fayil ɗaya ta layi ɗaya yake bi. Ga mai kasuwanci ma yana da illa: adireshinki na waje zai riƙa sauyawa, wasu shafukan banki kuma da sun ga haka sai su fitar da ke ana tsakiyar tura kuɗi. Ki kuma sa ido kan datar sim. In Starlink ya kwana a ɗauke, talabijin ɗin yara ba zai san an sauya layi ba.

Tambaya daga Zariya: Muna da rautoci biyu a gida, amma firinta ɗaya. In na ja kebul daga rauta zuwa rauta, duka ɓangarorin za su iya amfani da ita?

Kada ka jona LAN da LAN, wato ƙofofin da na'urorin cikin gida ke shiga, haka kawai. Kowace rauta tana raba adireshi ta hanyar DHCP, in suka haɗu a layi ɗaya, wadda ta riga amsawa ita ke kama wayarka. Yau kana kan datarka, gobe kana cin ta maƙwabcin ɗaki ba ka sani ba. Mafi sauƙi, firintar ta zauna a Wi-Fi ɗaya, mai buƙata ya koma can na minti biyu. In akwai kwamfutar tebur a ɗaya ɓangaren, a jona ta da firintar ta USB.

Tambaya daga Maraɗi: Waɗanne layukan intanet biyu suka fi dacewa a haɗa?

Waɗanda ba su bi hanya ɗaya ba. Kamfanonin waya sukan yi tarayya a ƙarfen sabis guda, in janaretan wurin ya tsaya, sim biyu tare za su mutu. Intanet na kebul ɗin faiba da sim, ko tauraro da sim, sun fi. A ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kamfanoni da dama suka shiga matsala lokaci guda.

Wuta ma hanya ce ta tarayya. Ƙaramin batirin rauta mai 12V zai riƙe ta sim da mai WAN biyu na wasu awoyi, amma babban Starlink yana jan wat 75 zuwa 100, sai inbata ko sola. Wajen kebul kuma ka nemi Cat6 na tagulla zalla, ka guji mai alamar CCA, wanda alminiyom ne aka shafa wa tagulla, yana saurin karyewa a bakin fulogi. Tsawon kowane guda kada ya wuce mita 100.